Kwana biyu da motar gida a tsaunukan Black Hills

Ranar Juma'a da hantsi muka ɗauki hayar motar a Rapid City, jihar Dakota ta Kudu, irin wadda Amurkawa ke kira RV. Gida ne sukutum a kan taya: gado, kicin, firji, har da bayi. Kafin mu tashi na rubuta tsayinta da faɗinta a takarda na manna kusa da sitiyari, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. A gandun dajin Custer akwai hanyar Needles, inda aka huda dutse mota ke bi ta ciki, faɗin ramin bai wuce ƙafa 8 ba. Motar da ta kai ƙafa 11 a tsayi, ga madubai sun baje, ba ta da hurumi a can. Wanda ya bi taswirar waya ido rufe, da ribas zai dawo.

A sansanin da muka kwana akwai wuta mai amfiya 30, amma babu famfo a kowane gurbi, don haka tun a ƙofa ake cika tankin ruwan sha. Da zarar an tsaya, aikin farko shi ne daidaita motar. Firjinta da gas yake aiki, ruwan sinadarin cikinsa gangarowa yake yi, idan motar ta karkata sai ya daina sanyi, in an daɗe a haka ma ya lalace. Gurbinmu gangare ne. Wani dattijo maƙwabcinmu ya lura, bai jira mun roƙa ba ya kawo katakai huɗu, ya durƙusa da kansa yana yi mini alama da hannu har tayoyin hagu suka hau. Wannan hali ya burge ni ƙwarai.

Tankunan ƙazanta biyu ne, na bayi da na ruwan wanka da wanke-wanke. Na bayi ake fara zubarwa, sannan ɗayan, don ruwan sabulu ya wanke tiyo. Kada a bar bawul ɗin na bayi a buɗe: ruwa zai tsiyaye, sauran ya daskare a ƙasa, fitar da shi kuwa sai an ji jiki. Safar hannu dole ce.

Asabar da asuba muka bi hanyar kallon namun daji, mil 18. Ɓaunar Amurka sun haura 1,000 a dajin, kuma idan garke ya tare hanya sai dai a jira. Wani bijimi ya gifta dab da tagarmu, numfashinsa na tururi cikin sanyin safiya, gashin wuyansa duk ƙaya. Na ga masu sauka da waya suna matsawa kusa, abin ya ɓata mini rai, domin dabbar nan ta fi mutum gudu nesa ba kusa ba.

Da rana muka shiga gidan tarihin garin Custer, tsohon ginin kotu na 1881. A nan labarin ya zauna mini. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 da gwamnatin Amurka ta ƙulla ta bar wa ƙabilar Lakota, 'yan asalin ƙasar, waɗannan tsaunuka. A 1874 tawagar soja ta George Custer ta ga zinariya a rafin French Creek, masu haƙa suka yi ca, alƙawari ya bi ruwa. Bayan ka san wannan, kallon dajin ya canza.

Lahadi muka haura garin Deadwood, muka shiga gidan tarihin Adams da aka buɗe a 1930, inda ake ajiye curin zinariya mai nauyin oza 7 da ɗoriya. Titunan garin matsattsu ne, a ajiye motar daga gefe a taka. A gangaren dawowa ƙaramin giya ake sa wa, don dogaro da birki kaɗai yana sa ya yi zafi ya daina kamawa. Mai kuwa, galan ɗaya mil 8 zuwa 10, ga kuɗin kowane mil da na janareta daban, wanda ni dai na ga ya yi yawa. Mun zubar da tankuna kafin mu mayar da ita, in ba haka ba akwai tara.