Kullum amarya ce ke koyo?

Wallahi abin nan na damuna a finafinan ban dariya na auren ƙabila da ƙabila. Kullum labari guda ne, an kawo amarya baƙuwa, tuwonta ya yi gudaji, ba ta iya durƙusa ma uwar miji ba, dangi na ta kwasar dariya har ta koya sannan a ce ta zama tamu. Shi angon fa? Ko gaisuwar surukai da harshensu ba a sa shi ya koya.

Alhali nan Damagaram muna da abin dariya mai daɗi a hannu. Babarbare ya auri Bafulatana, ranar ɗaurin aure taubasai na ta zolayar juna kowa na cewa shi ne ubangijin wani, kuma babu mai hushi, wasan nan har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da shi cikin al'adun gado na duniya a 2014. Ko Bahaushe ɗan Birni ya auri Buzuwa, wajen Buzaye bukkar ta mace ce, in aure ya mutu shi zai kwashi kayansa ya fita, kuma namiji ne ke rufe fuska da rawani gaban surukai. Ku sa ango cikin wannan hali mu gani mana, yana zufa yana gyara rawani gaban surukarsa.