Tsatsar da na kankare a Birmingham

Watana huɗu da zuwa Ingila na tafka abin kunyar da har yau in na tuna sai zufa ta karyo mini, ko da ana tsakiyar hunturu.

Aikin kula da tsofaffi ne ya kawo ni Birmingham. Ni da na shekara tara ina koyar da lissafi a sakandare, yanzu ni ne mai ɗumama miya, mai ƙirga ƙwayoyin magani, mai ɗaure wa wani igiyar takalmi. Ba ƙorafi nake ba, da wannan ake ɗora tukunya a gidanmu. Cikin gidajen da nake zagayawa akwai na wani dattijo ɗan shekara 84. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, daga shi sai karensa sai wani kabad na ƙarfe da aka ɗaure a bango da noti. Bindigogi ne a ciki masu baki biyu, guda biyar. Ya daina farauta tun da hannu ya fara rawa. Duk Laraba sai ya fito da ɗaya ya shafa mata mai ya mayar, ya je ya ɓoye makullin inda ko ni ban sani ba, don sharaɗin takardar 'yan sanda ke nan, wadda ake sabuntawa duk shekara biyar.

Wata Laraba ya kwance ɗaya gida uku a kan tebur, ƙota gefe, bututu gefe, ɗan katakon ƙarƙashinsa gefe, sai barci ya sace shi a kujera. Na dubi bututun nan, ya yi ja-ja kamar goron da aka tauna, da wasu layuka a murɗe. Na ce wayyo, tsatsa ta cinye wa bawan Allah kaya, ga shi ba mai duba masa. Ni fa ɗan maharbi ne. Na tashi ina ganin Baba yana zama a zaure da toka da tsumma da man keken ɗinki, yana goge tasa har ta riƙa ɗaukar ido. Na shiga kicin na ɗauko soson ƙarfe. Kafin minti ashirin wuri kamar tsawon tafin hannu ya yi fari fat, sai ka ce tukunyar Inna ranar jajiberin salla. Har ina shirya yadda zan ce masa ba sai ya gode ba.

Da ya farka ya gani, bai ce uffan ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Can ya ce in ba damuwa in haɗa masa shayi. Wallahi da ya zage ni tas da ya fi mini sauƙi. A gida mutum zai surfa maka ashar, maƙwabta su ba da haƙuri, a ci tuwon dare tare. Nan kuwa shirun ne ke dukanka, kuma ba ka san ranar da zai ƙare ba.

Sai bayan shayin ya juya bututun ya nuna mini wasu ƙananan hatimai a ƙarƙashi. Ɗaya daga ciki, mai gargaɗin kada a ɗura dunƙulallen harsashi, tsakanin 1875 da 1887 kaɗai aka yi amfani da shi. Wato bindigar ta girmi zuwan Lugga Kano. Layukan da na ɗauka lalacewa ce, ashe su ne adon. Irin wannan bututu, wanda suke kira damaskas, siraran ƙarafa iri biyu ake murɗawa kamar igiya, a naɗe su a jikin sanda, maƙera su yi ta duka da wuta har su zama abu ɗaya. Jan launin kuma da gangan aka sa shi, don ya fito da zanen ya kuma kare ƙarfen. Aikin da ya haura shekara 130 lafiya lau, ni na zo daga bakin dajin Falgore na gama da shi da soson wanke-wanke.

Daren nan ban runtsa ba. Ina lissafin kora, ina lissafin biza, ina lissafin kuɗin makarantar ƙannena.

Ranar Asabar, da ba ni da aiki, na raka shi tsohuwar unguwar maƙeran bindiga da ke kusa da majami'ar St Chad. Ya ce a da duk layin nan ƙarar guduma ce, yanzu 'yan tsirarun shaguna suka rage. Mai gyaran da muka je wurinsa bai ko kalli inda na kankare ba da farko. Ya rataye bututun a yatsa ya ɗan ƙwanƙwasa, ya yi ƙara garau kamar ƙararrawar makaranta. Ya ce lafiya, dalmar da ta haɗa bututun biyu ba ta saki ba. Da ta saki da sai a ji bif kamar fasasshiyar ƙwarya. Ya zura ma'auni ya auna kaurin ƙarfen. Sannan ya faɗi maganin, na kusa yin dariya duk da halin da nake ciki: zai goge duka, ya shafa wani ruwa mai cin ƙarfe, ya ajiye a wuri mai laima har ya yi tsatsa, ya share sama-sama, ya sake shafawa, haka haka har launin ya kama. Makonni zai ɗauka. Tsatsar da na cire kyauta, da kusan albashina na mako guda za a sayo ta. Na ce ni zan biya. Dattijo ya ƙi. Na rantse, ya ce to mu raba. Wannan rabin ne na yanke daga kuɗin gida na watan, na ce wa Inna haya ce ta tashi. Allah Ya yafe mini.

Abin mamaki, tun daga nan ya mai da ni ɗan koyo. Yanzu na san ana jingine su baki ƙasa don kada mai ya gangara ya jiƙe katakon ƙota ya ruɓar da shi. Na san ɗigon man linsid ɗaya ake murzawa da tafin hannu har katakon ya yi ɗumi. Na san ba a kusantar nocinansu da sukundireban kasuwa, sai wanda aka wasa daidai tsagar. Harsashin zamani ma ba a ɗura wa wannan tsohuwar, don gidan harsashinta inci biyu da rabi ne, kuma da baƙin albarushi aka gwada ta. In ya ce hannuna ya iya, sai in ji kaina ya yi girma, in ce ai gado ne. In na fito na tsaya jiran bas a cikin yayyafi kuma, sai in rasa wanda zan ba labarin.

Gwajin nan shi ya fi tsaya mini a rai. A titin Banbury akwai gidan da aka kafa tun 1813, aikinsa ke nan: a ɗura wa bututu fiye da ƙima a harba, in bai fashe ba a buga masa hatimi, kuma laifi ne ka sayar da bindigar da ba ta da shi. Daga garin nan aka riƙa loda bindigogi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma tun zamanin cinikin bayi. Tamu ta gida kuwa maƙerin ƙauyenmu ne ya ƙera da bututun sitiyarin mota. Gwajinta, a ɗaure ta a jikin kuka, a sa igiya a kunama, kowa ya ɓuya a ja. Ta farko da Baba ya mallaka ta ci wannan jarrabawa, ta zo ta fashe a hannunsa bayan shekara uku. Da yatsu takwas ya yi mana duk noman da muka ci, da su yake ɗaura burtu a goshi in zai shiga dawa.

Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ban taɓa tambayar inda bindigarsa take ba sai makon jiya. Na kira ƙanena ta WhatsApp na ce kada kowa ya goge ta, a shafa mata mai kawai a rataye. Ya yi ta dariya har layin yana yankewa. Ya ce, "Yaya, wace ratayewa? Tana hannuna. Da ita nake fita sintiri da dare." Ƙotar ta tsage, ya ɗaure ta da robar tayar keke. Inna ba ta barci sai ta ji shigowarsa da asuba, kuma ta hana a gaya mini. Ya ce in ina son taimako in bar zancen mai, in turo kuɗin tocila mai caji da takalmin ruwa, damina ta kusa.

Na tura ranar Juma'a. Na ce ya ɗauko mini hoton ƙotar, wajen da yatsun Baba suka cinye katakon. Har yanzu bai turo ba, wai babu sabis.