Kwana huɗu a Argungu wajen mata masu gumin shinkafa

Shekaranjiya na dawo daga Kebbi, har yanzu ƙamshin turaren shinkafa bai bar mayafina ba. Ni ce uwar adashin matan layinmu a Kano, mu ashirin, kuma bana muka yanke shawarar haɗa kwasa biyu a saro shinkafa a inda take da sauƙi. Goggona tana aure a wani ƙauye kusa da Argungu, shi ya sa aka ce ni zan je.

Da asuba muka bar tasha, don ba direban da yake son magariba ta riske shi tsakanin Funtuwa da Talatar Mafara. Na kwana a Sakkwato, washegari da hantsi ina gidan Goggo.

Na saba ganin shinkafa a Kura, amma fadamar Argungu daban ce, kore shar har inda ido ya tsaya, ga injinan ban ruwa suna ta ƙara. Mijin Goggo ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ke cinye musu ribar noman rani. Da yawansu ba-da-kaka suke ci: ɗan kasuwa ya ba ka taki ko kuɗi lokacin shuka, ka biya shi da buhuna ranar girbi, lokacin da shinkafa ta fi araha. Wannan ciniki ya tsaya mini a rai, domin wanda ya sha ranar shi ke tashi da kaɗan.

Matan kuwa shanshera suke saye. Su jiƙa ta ta kwana, su turara a rabin duro, su shanya a tamfol, sannan a kai inji a cashe. Tun da aka buɗe babban kamfanin shinkafa a Argungu a 2017, masu saye da mota suna shiga har ƙauye, don haka wadda ba ta da kuɗi a hannu ranar girbi sai dai ta saya da tsada daga baya.

Ranar Alhamis bayan la'asar Goggo ta ce in ɗauki tabarma mu je taro. Mata ashirin da biyar na ƙirga a gindin darbejiya, an ajiye akwatin ƙarfe a tsakiya mai kwaɗo uku. Makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu, wadda ba ta da makulli. Kowa ta zuba abin da ta iya, daga naira ɗari biyar zuwa dubu biyu da ɗari biyar, mai ƙirga ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji, wata budurwa 'yar sakandare ta rubuta. Akwai ɗan kwano daban da ake jefa naira ɗari saboda ciwo, haihuwa ko rasuwa.

Na tambayi shugabarsu, wata dattijuwa, nawa suke ɗorawa a kan bashi. Ta girgiza kai ta ce, "Ɗiyata, mu ba mu cin kuɗɗin ruwa. Ƙungiya ka sayen shanshera, ta saida ma mai so da riba sananna, ta biya cikin wata ukku." Na ce, "Inna, in ta kasa biya fa?" Ta ce, "Ina za ta? Rijiya guda muka ɗiban ruwa."

Mu a Kano adashinmu abin da ka zuba shi kake kwasa, kuma in kwasarki ta zo a lokacin da ba ki da bukata, sai kuɗin ya tafi a anko da gudunmawar biki. Su nan kuɗin yana juyawa duk shekara, gab da azumi a fasa akwati a raba har da riba. Tsarin daga maƙwabtanmu ya samo asali: a Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara.

Washegari da safe na raka wata maƙwabciyar Goggo wani ƙaramin banki a cikin gari. Injin casa take son saye, abin da ya fi ƙarfin akwati. Ma'aikacin ko ɗago kai bai yi ba da muka yi sallama. Ya turo mata takarda da Turanci, ya lissafo BVN, lambar NIN, hotuna, da masu tsaya mata biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati. Da ta ce ba ta karatun boko, sai ya ce to me ya kawo ta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na karanta mata takardar a waje: biya duk mako, daga mako mai zuwa, ga ruwa a kai. Yaushe aka sayo injin, yaushe aka kafa shi, har ya fara kawo kuɗi? Tun 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin waɗannan bankuna don irin wannan baiwar Allah. A Birnin Kebbi ma aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers a Nuwambar 2015, amma cikin matan da na tambaya a taron ba wadda ta taɓa samu. Ta naɗe takardar ta sa a bakin zani muka dawo.

Buhu goma sha biyu na saya a hannun 'yan ƙungiyar. Awonsu a cike yake har da tozo, ga gyara, kuma ba wadda ta rantse mini ko sau ɗaya, ba kamar yadda muka saba a Dawanau ba. Ko da na haɗa kuɗin mota da na lodi, akwai sauƙi. Dattijuwar nan ta aiko mini da busasshen kifi da man shanu, ta hana ni ko taɓa jaka.

Na leƙa kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, da gidan tarihi na Kanta. Muka biyo ta Birnin Kebbi da Jega, na sayi albasa a Aliero, na sake kwana a Sakkwato.

Jiya na kai wa mai walda na bakin layinmu zanen akwatin, ya ce Laraba zai gama. Ranar Asabar matan za su taru a gidana mu raba shinkafa, mu kuma zaɓi waɗanda za su riƙe makullai.