Talata, ranar duwatsun murhu

Yau tun da asuba zafi ya hwara, Maradi a watan Afrilu sai haƙuri. Babur ɗina ya ƙi tashi, dole na hau kabu-kabu, na isa makaranta na tarar ɗalibai goma sha huɗu sun riga ni shiga aji suna fifita da kaye don babu wuta.

Darasinmu na ilimin tauhidi ya kai kan Triniti, wato Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wurin da kowace shekara nake haɗa zufa. Littattafan da nake shiri da su duk da Faransanci suke, ni kuma da Hausa nake koyarwa, to kalmar nan da suke cewa persan in na ce "mutum uku" ai na ɓata komi, yaro ya tahi ƙauye ya ce malaminsu ya ce Allah mutane ne. Na daɗe tsaye gaban tablo da alli a hannu, a ƙarshe na rubuta Maimaitawar Shari'a 6:4 can sama da manyan baƙaƙe, na ce mu tsaya nan tukuna, Allahnmu ɗaya ne, wanda ya fita ajin nan da alloli uku bai ji ni ba.

Sai wani dattijo cikinsu, manomi daga wajen Gidan Rumji, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ɗaga hannu ya ce Malam, ni dai da duwatsun murhu nake yi ma mutanena misali, uku ne amma tukunya guda. Aji ya ɗauki tafi. Gaskiya misalin ya yi mini daɗi, sai da na ji nauyin rushe shi. Na ce Baba, in an ɗauke dutse guda fa, shi kaɗai murhu ne? Ya ce a'a. Na ce to nan ne ya gaza, don Uba ba sulusin Allah ba ne, cikakken Allah ne, haka Ɗa haka Ruhu. Wani ya kawo na ruwa da ƙanƙara da tururi, na ce wannan kuma tsohon kuskuren wani malamin da can mai suna Sabeliyus ne, wai Allah abu guda ne mai sake kama.

Daga nan muka shiga babban taron shugabannin ikilisiya na garin Nikiya, shekara ta 325, gardamar Ariyus da ya ce akwai lokacin da Ɗa bai kasance ba, da Atanasiyus bishop na Iskandariya da aka yi ta kora daga kujerarsa saboda ya ƙi yarda da koyarwar Ariyus. Da na ce masu Atanasiyus mutumin Masar ne, kuma Tartuliyan wanda ya hwara rubuta kalmar Triniti da Latin ɗan Kartaj ne, ƙasar Tunisiya ta yanzu, sai da suka gyara zama, su a zatonsu duk Turawan mishan suka zo da abin cikin jaka.

Bayan an tashi ƙaramin cikinsu ya biyo ni har gindin bedi, wai kawunsa malamin allo ne, kullum in sun zauna cin tuwo sai ya tambaye shi ta yaya Allah zai haihu. Na ce ka hwaɗa masa mu ma ba mu ce Allah ya yi aure ba, ba haihuwa ta jiki muke nufi ba, kuma ka yi maganar da ladabi, kawunka ne, kar ka ɗaga murya.

Babur kuwa, bakanike ya ce fulogi ne, jaka ɗaya da rabi. Gobe darasin taron Kalsidon na shekara ta 451, ban ko buɗe littafin ba.