Sana'ar Isar da Labarin Baƙon Tsuntsu

Hajarmu a wannan sana'a labari ce, kuma labarin baƙon tsuntsu, wato wanda ba a saba ganinsa a yankin ba, ba ya kwana. Mai sha'awar kallon tsuntsaye da ya biya mu kuɗin rajista so yake wayarsa ta yi ƙara tun tsuntsun yana kan reshe, don yana iya ajiye aikinsa ya yi tuƙin awa huɗu a kan maganarmu kawai.

Rahoto kan shigo ta kiran waya ko WhatsApp, wani lokaci mu tsinto shi a eBird, rumbun rahotannin tsuntsaye na intanet da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Cornell Lab of Ornithology ta buɗe a 2002. Tambayar farko: ƙarfe nawa aka gan shi? Lokacin gani muke rubutawa, ba lokacin da saƙo ya iso ba, domin mutum yakan ga tsuntsu da sassafe, sai dare ya waiwayi wayarsa. Sai wuri. Lambar GPS mai alƙaluma huɗu bayan ɗigo tana kai mutum kusan mita 11 daga wurin, mai alƙaluma biyu kuwa sai ta bar shi yana lalube cikin fiye da kilomita ɗaya. Mukan ƙara inda za a ajiye mota da ko filin yana da mai shi.

Tantancewa ita ce wuyar aikin. Hoto ko da ya yi dishi-dishi ya fi dogon bayani, kuma kukan da aka naɗa na daƙiƙa 15 yakan raba gardama tsakanin jinsuna biyu masu kama da juna. Yawancin kuskure daga tsuntsun da kowa ya sani yake fitowa: ɗan bana wanda launinsa bai nuna ba, ko wanda aka ƙyanƙyashe da farin gashi. Akwai kuma wanda ya kuɓuce daga keji, musamman agwagi da aku. Duba gashin wutsiya ko ya cinye, duba zoben makiwata a ƙafa, ka lura ko yana gudun mutane. Idan minti goma suka wuce hujja ba ta zo ba, muna sakin labarin da “ba a tabbatar ba” a layin farko.

Sabon shiga yakan raina saƙon “ba a gan shi ba”, alhali shi ke hana mutane asarar mai. Ƙananan tsuntsaye da yawa da dare suke ƙaura, saboda haka idan gari ya kwana garau, dole a sami wanda zai leƙa wurin da asuba ya ga ko tsuntsun ya tashi.

Ba kowane labari ake saki ba. Sheƙa mai ƙwai, makwancin mujiya, jinsin da 'yan kasuwa ke kamawa: sunan yanki kawai muke faɗa. Taro kan sa uwa ta tashi daga kan ƙwai su yi sanyi.

Labarin bincike ba ya buƙatar gaggawa, mako-mako muke haɗa shi. A 2022 na'urar da aka ɗaura wa wani tsuntsun bakin teku ta nuna ya tashi daga Alaska zuwa Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11 bai sauka ba. Sai dai abin da masu bincike suka fi nema wurin abokan cinikinmu shi ne karatun zoben shaida da suke sa wa tsuntsaye a ƙafa: wace ƙafa, sama ko ƙasan gaɓa, launuka daga sama zuwa ƙasa. Zoben roba yana koɗewa a rana, ja ya koma kamar ruwan lemo, don haka muke tura hoton tare da karatun.