Ga ƙannena masu tonon tsofaffin kaset na gem a Yamai

A ƴan shekarun nan ina yawan cin karo da samari a Katako da Wadata, sun durƙusa gaban kwalayen ƴan gwanjo suna tonon tsofaffin kaset na gem, irin waɗanda muka yi wasa da su kafin faifan PlayStation ya shigo gari. Ganinku yana faranta mini rai. Sai dai ina lura hannuwanku na bin inda nawa suka bi, kuma wannan hanyar ta ci mini kuɗi, ta kashe kayan da ba za a sake ƙera irinsu ba.

Yawancin abin da kuke tonowa daga Turai ya fito, cikin kwantenar da ta ɗauko firji da dutsen guga da kayan wasan yara. A da ta Kwatano kayan ke biyowa, amma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 sai suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Mai kayan a dunƙule ya saye su, bai san abin da ke ƙasan kwali ba, saboda haka can za ku duba, inda wayoyi suka cukuikuye da tsofaffin rimot. Ku kuma leƙa wajen masu gyaran tele da rediyo, akwai injinan da aka kawo gyara shekara da shekaru ba a dawo ɗauka ba.

Abin da ya fara ɓatar da ni farashin intanet ne. A 2021 an yi gwanjon kaset ɗaya na Super Mario 64 a Amurka kan dala miliyan 1.56, wata ɗaya bayan haka wani na Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2. Na karanta, zuciyata ta tashi, na fara kwasar duk abin da ke da hoton Mario. Abin da ban tsaya na fahimta ba shi ne waɗancan kaset ɗin suna cikin kwalinsu da ledar kamfani, ba a taɓa buɗe su ba, masana sun duba sun ba su maki. Shi kuwa Super Mario Bros. an sayar da fiye da miliyan 40 a duniya, don haka wanda ya sha hannun yara, takardarsa ta koɗe, ba abin nema ba ne ga attajiran can. Mafi muni, na nuna wa wani dattijo mai kaya wannan labarin a wayata. Daga ranar ya ɗaga kuɗin duk kaset ɗin da ke gabansa, aka daina saye, kayan suka yi ta shan rana a kan tabarma har rubutunsu ya goge, robar ta yi gautsi. Bai samu kuɗin ba, mu ma ba mu samu kaset ɗin ba, kuma da bakina aka yi wannan asarar. Ban ce ku cuci mai kaya ba. Ku gaisa da shi, ku taya da mutunci, ku biya abin da kayan ya cancanta a kasuwarmu. In ya tambaye ku, ku faɗa masa gaskiya: “Baba, wannan na wasa ne, ina son shi ne don na yi ƙuruciya da shi.”

Sai maganar na asali da jabu, wadda ita ce ta fi cin lokaci kafin ido ya waye. Waɗannan kaset masu ruwan ɗorawa da aka rubuta 9999999 a jikinsu ba Nintendo ya yi su ba. Kwaikwayon Famicom ne, injin da ya fito a Japan a 1983, kuma haƙoransu 60 ne. NES, takwarar Famicom da Nintendo ya sayar a Amurka daga 1985, daga baya a Turai, kaset ɗinta babba ne mai ruwan toka, haƙora 72. Ɗaya ba ya shiga cikin ɗaya sai da abin haɗi. Wannan bambancin ko yaro zai gane. Inda ake shan wahala shi ne Game Boy da Game Boy Advance, musamman Pokémon, don jabunsu sun cika duniya kuma wasu an yi su da kyau. Na tara da dama ina murna, sai da wani mai gyaran waya ya buɗe mini ɗaya na ga abin da na saya.

Ga abin da nake dubawa yanzu. Ina karkata kaset ɗin wajen haske, don a kan takardar na asali akwai ƙananan lambobi da aka danna da ƙarfe, ba tawada, sai ido ya zo daidai ake ganinsu. A Super Nintendo da Nintendo 64 takardar baya ce ke ɗauke da su. A kaset ɗin Advance ina leƙa ta bakin haƙoran, a saman su ana ganin sunan Nintendo da shekara da farin rubutu a kan allon ciki. In mai kaya ya yarda na buɗe, sai in duba ko akwai wani baƙin ɗigo kamar an zuba kwalta a kan allon. Galibi alamar jabu ce, ko da yake kaɗan daga cikin na asali ma suna da shi, kamar wanda ya haɗa Mario da harbin agwagwa. Pokémon Rouge Feu da Vert Feuille na asali ba su da pil a ciki ko kaɗan, in kun ga pil to an kwaikwaya. Kada ku ɓamɓare kaset da wuƙa kamar yadda na yi na farfasa robobi. Kusar kaset ɗin Game Boy da Super Nintendo da Nintendo 64 tana da kai mai gefe-gefe, ma'auninta milimita 3.8, ta Advance kuma bakinta uku ne. Abin kwance su ba shi da tsada, ku sa a sayo muku tun kafin ku fara yawon kasuwa.

Ba a cinikin biri a sama. Ku nemi Game Boy Advance ɗaya mai aiki ku riƙa yawo da ita da pil biyu a aljihu, tana karɓar kaset ɗin Game Boy na 1989, da na Color na 1998, da nata na 2001. Waɗannan ƙananan injinan ba ruwansu da ƙasar da kaset ya fito, na Japan da na Faransa duk suna tashi. In kun kunna, sunan Nintendo ya fito a cakuɗe ko ya zama baƙin layi, yawanci datti ne a haƙora, kada ku yi saurin ajiyewa. Amma tashin wasa bai nuna na asali ne ba, jabu ma yana tashi.

Manyan injinan da ake haɗawa da tele su ne masu zaɓen ƙasa, kuma nan na yi asara babba don na sayi kaset kafin in san injin da zan sa su. Tunda kayanmu daga Faransa da Beljiyam suka fi zuwa, za ku riƙa ganin FRA ko FAH a ƙarshen lambar da ke kan takarda, NOE na Jamus ne, UKV na Ingila. NES ta Turai kashi biyu ce: ta Faransa tana karɓar na Jamus da Beljiyam, amma ta ƙi na Ingila da Italiya, sai jar fitilarta ta yi ta ƙyaftawa kamar ta lalace. A Super Nintendo, kaset ɗin Japan mai lamba SHVC yana shiga injin Turai daram, siffarsu ɗaya, amma ba zai tashi ba. Na Turai SNSP yake ɗauka. Na Amurka kuwa ko shiga ba ya yi. Wani abu kuma, suna yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Contra da muka haddace, a Turai Probotector aka sa masa, aka mayar da sojojin mutum-mutumi. Na sha tsallake shi a kwali don ban san shi ne ba. Ku tsayar da inji ɗaya tukuna, ku san na wace ƙasa ne, sannan ku nema masa abinci. In na Faransa ne, kada ku bar kasuwa ba tare da wayarsa ta Péritel mai ƙafa 21 ba, don NES da Mega Drive (injin kamfanin Sega) na Faransa da ita ake haɗa su, kuma samunta ita kaɗai wuya ne. Tsohuwar tele mai tudun baya ma kada ku bari a jefar a gida. Yawancin plasma na yanzu ba su da ramin Péritel, kuma bindigar harbin agwagwa ba ta aiki sai a tsohuwar tele.

Wuta kuwa ba ta ba mutum dama ta biyu. Tamu 220 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wata Super Famicom, wato Super Nintendo ta Japan, da na daɗe ina nema, na jona cajarta a bango kai tsaye saboda ɗoki, ƙauri kawai na ji. Wanda ya fi ba ni baƙin ciki shi ne Mega Drive ta farko da na kashe da cajar NES. Bakinsu ɗaya, ya shige lafiya lau, ashe cajar NES wutar AC take fitarwa, Mega Drive kuma DC take sha. Haka Famicom take mutuwa da wannan cajar. Ku karanta rubutun da ke ƙarƙashin inji da wanda ke jikin caja, su dace a lamba, da irin wutar, da alamar ƙari da ragi. In rubutun ya goge, ku kai wa mai gyara ya auna da mita. In an ɗauke wuta kuna cikin wasa, ku zare daga bango kafin a dawo da ita.

Dukanmu mun tashi muna hura kaset da baki, kuma mun rantse yana aiki. Cirewa da mayarwar ce ke aiki. Damshin baki tsatsa yake kawowa a hankali, haƙoran su yi kore. Na kuma taɓa goge wasu da fetur da takardar yashi, na kankare ruwan zinaren da ke kansu, suka yi aiki na ɗan lokaci suka mutu gaba ɗaya. Alkol mai digiri 90 na farmasi da tsinken goge kunne sun wadatar. A shafa a hankali har audugar ta daina yin baƙi, a bari ya bushe, kuma kada alkol ya taɓa takardar.

Bayan saye sai adana, kuma Yamai ba gari ne mai tausayin roba ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano. Na ajiye jakar kaset a saman kabad dab da kwano, bazara ɗaya ta ɗaga takardunsu duka. Hunturu yana cusa ƙura a haƙora, damina ta zo da raɓa da gara, kyankyasai kuma suna cin gam ɗin takarda. Ku sa su cikin roba mai murfi, ƙasa-ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi, ku jefa ƴan ƙullin nan masu shan damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. In kaset ya zo da kwalinsa ko ɗan littafinsa, ku lallaɓa su, su ne suka fi saurin ɓacewa. Kuma kada ku bar pil cikin Game Boy in za ta daɗe a ajiye, yana zubar da ruwa ya cinye ƙarafan.

Akwai wani pil ɗin a cikin kaset kansa, ɗan fele-fele kamar na agogo, shi ke riƙe inda mutum ya tsaya a wasa. A NES da Super Nintendo CR2032 ne, a Game Boy CR1616 ko CR2025. Yawancinsu sun haura shekara 25. Na Pokémon Or da Argent da Cristal sun fi saurin mutuwa saboda agogon da ke tafiya a ciki. Ku canza shi tun kafin ku fara wasa, don da zarar an cire, abin da aka adana ya tafi. Da dalma aka liƙa shi, aikin mai gyaran waya ne, kuma ya sa pil mai ƙafafu, kada ya ɗora ƙarfe mai zafi a jikin pil ɗin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗancan masu ruwan ɗorawa. Da idona ya buɗe na gane jabu ne, sai na raina su, na kwashe tulin da na tara tun ƙuruciya na bar wa mai sayen ƙarafa. Yau ina ganin na yi kuskure babba. Yaron Bukoki ko Talladje a shekarun 1990 bai taɓa riƙe NES ta gaske ba sai in ɗan babban gida ne. Da Terminator, injin kwaikwayon Famicom, da ire-irenta muka san Mario da tankokin yaƙi, da su muka koyi jiran layi da karɓar hannu in an cinye mutum. Na asali suna da masu tattara su a Faransa da Japan da Amurka, an rubuta lambar kowanne. Namu kuwa a Katako ake fasa su, kuma kowanne da jerin wasanninsa da hotonsa da sau da yawa bai ma dace da abin da ke ciki ba. In kun gan su ku saya, ba sa wuce ƴan canji. Ku tambayi yayyenku da kawunnenku, wataƙila akwai leda ɗaya a ƙarƙashin gadon Inna. Ku gwada kowanne, ku rubuta a takarda wasanni nawa ne na gaskiya a ciki kafin su fara maimaita kansu, da kasuwa ko gidan da kuka samo shi, ku sa takardar cikin robar tare da kaset ɗin.