Manhajar bayanan marasa lafiya: a ɗakin kati ake cin nasara ko a faɗi

Duk asibitin da zai koma kwamfuta, tambayar farko ita ce wace manhaja za a ɗauka. Akwai na kyauta irin su OpenMRS, wadda aka soma a 2004 kuma aka fara aiki da ita a Eldoret ta ƙasar Kenya, da Bahmni, wadda ta haɗa OpenMRS da sashen ɗakin gwaji da na kuɗi da kaya. Kyautar dai ta lasisi ce kawai. Saita ta, horar da ma'aikata da albashin mai kula da ita duk sai an biya. In kuwa daga kamfani za a saya, kada a sa hannu sai takardar yarjejeniya ta ce bayanan na asibiti ne, kuma za a iya fitar da su gaba ɗaya ranar da aka rabu. A sa su nuna, a gaban ido, yadda rahoton wata zai shiga DHIS2, manhajar da hukumomin lafiya ke tattara rahotannin asibitoci a cikinta.

Inda ake tuntuɓe sosai shi ne rajista. Mace ta zo yau da sunan mahaifinta, wata uku baya kuwa da sunan miji aka rubuta ta. Wannan ma'aikaci ya rubuta Muhammad, wancan Mohammed, wani Muh'd. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba sai a ba shi 1 ga Janairu. Sai mutum ɗaya ya tashi da lamba biyu: a ɗaya an rubuta cewa jikinsa ba ya karɓar fenisilin, likita kuma ɗayar ya buɗe. Katin iyali, wanda gida guda ke zuwa da shi, ya fi wannan haɗari, domin rukunin jinin wani kan faɗa kan sunan wani. Dole kowa ya samu lambarsa, har jariri. A hana buɗe sabon fayil sai an bincika da lambar waya da unguwa, da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) in akwai, kuma ikon haɗe fayil biyu ya tsaya hannun mutum ɗaya ko biyu, saboda warware haɗin kuskure aiki ne ja.

Sai wuta. Babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan ta zauna cikin asibiti, don aiki ya ci gaba ko intanet ta yanke, a ba ta inbata da batir da za su riƙe ta kafin janareta ya tashi. Akan manta da akwatunan da ke raba layin sadarwar kwamfutoci zuwa sassan asibiti. Su ma in suka mutu, kowane allo ya tsaya. Wayar layin ba ta wuce mita 100 ba tare da an sa wani akwati a tsakani ba. A kwafi bayanai kowane dare, kwafi ɗaya a wajen ginin, a riƙa gwada dawo da shi.

Kada a kunna ko'ina rana ɗaya. A fara da ɗakin kati da wurin biyan kuɗi, sannan ɗakin magani da na gwaji, ɗakunan kwanciya a ƙarshe. A rage layin ganin likita a makonnin farko, don hannu bai saba ba. Tsofaffin fayiloli ba sai an kwashe duka ba. Ranar da mai shi ya dawo a shigar da cutarsa, magungunansa da abin da jikinsa ba ya so. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa; ba wa juna aro na lalata tarihin wanda ya rubuta me, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 a Nijeriya. A ajiye fom na takarda a kowane sashe don ranar da manhaja ta tsaya, a kuma sanya sunan wanda zai shigar da su idan ta dawo.